Komoro ko Moris: ina ya kamata mai guzurin tafiya guda ya nufa?

Idan mutum ya tara guzurin tafiya guda ɗaya tak zuwa tsibiran Afirka da ke cikin Tekun Indiya, kuma muradinsa shi ne ya ga tarihi da halittun Ubangiji da rayuwar jama'a da idonsa, to akwai ƙasashe biyu da ya kamata ya ɗora a kan sikeli kafin ya yanki tikiti, wato Komoro da Moris. Moris ita ce wadda ake kira Mauritius da Ingilishi, amma 'yan ƙasar da bakinsu Moris suke cewa, don haka da wannan suna zan riƙa kiranta. A kan takarda ƙasashen biyu kamar tagwaye suke. Faɗin tsibirai uku na Komoro kimanin murabba'in kilomita 1,860 ne, babban tsibirin Moris ma kusan hakan yake, wato kowace ɗaya ba ta cika kashi ɗaya cikin goma na faɗin Jihar Kano ba. Dukansu aman wutar duwatsu ne ya fito da su daga ƙarƙashin teku, dukansu Faransa ta taɓa mulkarsu, kuma tsibirin Madagaska ne ya shiga tsakaninsu, Komoro ta arewa maso yamma a bakin mashigin Mozambik, Moris kuma ta gabas, can cikin teku da nisan kusan kilomita 900. Daga nan kamannin ya ƙare, kuma wanda ya sauka a ɗaya yana tsammanin abin da ke ɗayar zai koma gida da cizon yatsa.

Tarihin Moris gajere ne, domin kafin zuwan jiragen ruwa babu ɗan Adam ko ɗaya da ke zaune a tsibirin. Matuƙan jiragen Larabawa sun san da shi, mutanen Fotugal sun ratsa ta wurin a farkon ƙarni na 16, amma mutanen Holan ne suka sa masa suna a 1598, suka zauna daga 1638 zuwa 1710, suka sare itatuwan dajin masu baƙin katako, dangin kanya, suka shigo da rake da barewa, sannan suka tattara nasu-ya-nasu suka tafi. Faransawa suka karɓa a 1715, kuma a ƙarƙashin gwamna Mahé de La Bourdonnais, wanda ya iso a 1735, aka gina birnin Port Louis da gumin bayin da aka kwaso daga Madagaska da Mozambik, har da wasu daga Afirka ta Yamma. Ingila ta ƙwace tsibirin a 1810, ta soke bauta a ranar 1 ga Fabrairu 1835, sai masu gonakin rake suka juya ga Indiya suna ɗebo 'yan ƙwadago bisa yarjejeniyar shekaru biyar. Jikokin waɗannan 'yan ƙwadago su ne mafi rinjaye a cikin mutum kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da sittin da ke ƙasar a yau.

Abin da ya sa wannan gajeren tarihi ke ratsa zuciyar baƙo shi ne an adana shi, an kuma shirya shi yadda kowa zai fahimta. A bakin tashar jiragen ruwa ta Port Louis akwai wurin da ake kira Aapravasi Ghat, inda aka riƙa sauke 'yan ƙwadagon. Matakala ce ta dutse mai hawa 16 da ta taso daga ruwa, sai ragowar ɗakunan da ake tsare sababbin zuwa na 'yan kwanaki, da wurin wanka, da ɗakin duba lafiya. Kusan mutum rabin miliyan ne suka shigo ƙasar ta wannan tsari, kowanne aka ba shi lamba, daga baya ma aka riƙa ɗaukar hotonsa, kuma rajistocin suna nan, har ɗan ƙasa kan iya zuwa ya nemo lambar kakan kakansa da sunan jirgin da ya kawo shi. Hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya a 2006. Bayan shekara biyu ta ƙara da dutsen Le Morne da ke kudu maso yamma, mai tsawon mita 556, inda bayin da suka gudu suka riƙa ɓuya a cikin kogunansa. Labarin da ake bayarwa a baka shi ne, lokacin da aka aika jami'ai su sanar da su cewa an soke bauta, sai suka zaci kama su aka zo yi, suka gwammace su faɗo daga ƙololuwar dutsen da su koma ƙangi.

Komoro ma tana da nata dutsen mai irin wannan labari, kuma a nan ne bambancin ƙasashen biyu ya fara bayyana. A garin Iconi, kudu da Moroni babban birnin ƙasar, akwai wani tsauni da ya leƙa teku, inda ake cewa matan garin sun faɗa ruwa a farkon ƙarni na 19 don kada maharan Madagaska, waɗanda ke zuwa cikin ɗaruruwan kwale-kwale suna farautar bayi, su kama su. Sai dai a Iconi baƙo ba zai tarar da tsarin da ke Le Morne ba. Dattijon gari ne zai nuna masa wurin da sandarsa, ya ba shi labarin yadda ya ji daga kakarsa, sannan ya kai shi ragowar fadar sarakunan Bambao da ke bakin teku, wadda iska mai gishiri ke ci a hankali.

Tarihin Komoro ya ninka na Moris tsawo. Masu tonon ƙasa sun samu alamun zaman mutane tun wajen ƙarni na 8, mutanen da suka haɗa jinin gaɓar Afirka ta Gabas da na Madagaska da na Larabawa da Farisawa, kuma sunan ƙasar da kansa daga Larabci ya fito, Juzurul Ƙamar, wato tsibiran wata. Mutanen Ngazidja, babban tsibirin, suna riƙe da labarin wani magabacinsu mai suna Mtswa Mwindza, wanda suka ce ya tafi Makka don ya ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tarar ya riga ya yi wafati, ya dawo da addini ya gina masallaci a garin Ntsaweni. Wannan ruwayar baka ce, amma ta nuna yadda mutanen ke kallon kansu. Tsohon masallacin Juma'a na Moroni, fari fat a bakin tashar kwale-kwale, ana danganta gininsa da shekarar 1427, wato fiye da shekara 170 kafin a sa wa Moris suna. A tsibirin Nzwani akwai Mutsamudu mai lunguna ƙuntatattu da ƙofofin katako masu sassaƙa, da ganuwar da aka gina a kan tudu a ƙarshen ƙarni na 18, igwoyinta har yanzu suna kallon teku, akwai kuma Domoni da tsofaffin masallatanta. Ƙananan masarautu ne suka yi ta gwagwarmaya da juna a tsibiran, su ma sun mallaki bayi daga gaɓar Mozambik, har Faransa ta sayi tsibirin Mayot a 1841, ta shimfiɗa ikonta kan sauran ukun a 1886.

Abin takaici shi ne yawancin wannan gado yana tsaye ne da ikon Allah kawai. Ana rushe tsofaffin gidajen dutsen murjani a gina na bulo, shara kan taru a bakin ruwa a Moroni, kuma a zamanin shugaba Ali Soilih, wanda ya yi mulki daga 1976 zuwa 1978, an cinna wa takardun gwamnati wuta da sunan juyin juya hali. Saboda haka mai son ya karanta tarihi a bango, da kwanan wata da hoto da ɗan rakiya mai horo, Moris ce tasa. Mai son ya zauna a kan dakali ya saurara, ya taka lungun da har yau jikokin waɗanda suka gina shi ke kwana a ciki, sai Komoro.

Siyasar bayan 'yancin kai ita ce ta haifar da wannan tazara. Moris ta samu 'yanci a ranar 12 ga Maris 1968 a ƙarƙashin Seewoosagur Ramgoolam, ba ta da rundunar soja ta dindindin, ba a taɓa yin juyin mulki ba, kuma ko a zaɓen Nuwamba 2024 'yan adawa sun kayar da gwamnati mai ci aka miƙa mulki lami lafiya. Daga rake ta shiga saƙa da ɗinki, daga nan ta shiga yawon buɗe ido da harkar banki, karatu da asibitin gwamnati kuma kyauta ne. Komoro ta ayyana 'yancinta a ranar 6 ga Yuli 1975, kuma kafin wata guda ya cika aka kifar da shugaba Ahmed Abdallah. An yi juyin mulki ko yunƙurinsa fiye da sau 20, da dama daga ciki da hannun sojan haya na Faransa Bob Denard, an kashe Soilih a 1978, an kashe Abdallah a 1989, tsibiran Nzwani da Mwali suka ɓalle a 1997, sai da aka ƙulla yarjejeniyar Fomboni a 2001 sannan aka ɗinke ɓarakar. Abubuwa sun lafa ƙwarai idan aka kwatanta da wancan zamani, har shugaba Azali Assoumani ya jagoranci Tarayyar Afirka a 2023, amma lokacin zaɓe yakan zo da hargitsi, kuma hikima ce baƙo ya kauce masa.

Kowace daga cikinsu tana da miki na yankin da aka yanke mata. Ingila ta cire tsibiran Chagos daga Moris a 1965, ta kwashe mazaunansu don Amurka ta kafa sansanin soja a Diego Garcia, ɗaya daga cikinsu, kuma sai bayan ra'ayin Kotun Duniya na 2019 aka kai ga rattaba hannu kan yarjejeniyar mayar da su a watan Mayu 2025. Na Komoro ya fi zafi domin yana cin rai har yanzu. A ƙuri'ar raba-gardama ta 1974 Mayot ta zaɓi zama da Faransa, a 2011 ta zama cikakken lardinta, kuma tun da aka ƙaƙaba biza a 1995 dubban mutane sun halaka a cikin ƙananan jiragen da ake kira kwasa-kwasa, suna ƙoƙarin ƙetare kilomita 70 daga Nzwani zuwa wurin danginsu, ko zuwa asibiti. Baƙon da ya je Nzwani ya kamata ya san wannan magana ba ta hira ba ce, don da wuya ya samu gidan da bai rasa wani ba.

Ta fuskar halittu, Moris ƙasa ce da ta yi babbar asara sannan ta farga. A nan ne tsuntsun dodo ya rayu, wani ƙaton dangin tattabara da ba ya tashi kuma ba ya tsoron mutum, wanda aka yi wa ganin ƙarshe a 1662 bayan ɓeraye da aladu da birai da jirage suka kawo sun cinye ƙwayayensa. Yanzu sai hotonsa a tambarin ƙasa da ƙasusuwansa a gidan tarihi. Dajin asali mai kyau da ya rage bai kai kashi biyu cikin ɗari ba, sauran fili rake ne da gidaje. Amma aikin ceto da aka yi abin a yaba ne. Wani ƙaramin shaho da ba a samunsa ko'ina sai a tsibirin ya ragu zuwa guda huɗu kacal a 1974, aka riƙa ƙyanƙyashe ƙwayayensa a hannu har ya koma ɗaruruwa, haka ma wata tattabara mai launin hoda da ta kusa ƙarewa a farkon shekarun 1990. Ana ganinsu a gandun dajin Black River Gorges da aka kafa a 1994, tattabarar kuma har a ƙaramin tsibirin Île aux Aigrettes, inda aka kakkaɓe ɓeraye aka maido da itatuwan asali, aka kawo manyan kunkurai 'yan asalin tsibirin Aldabra su maye gurbin na tsibirin da suka ƙare. Ga lambun Pamplemousses na tun ƙarni na 18, ga ƙasar Chamarel mai launi bakwai, ga ruwan bakin teku mai kwanciya saboda zagayen murjani. Duk waɗannan, in ban da Île aux Aigrettes da ake ƙetarawa da kwale-kwale, ana isa gare su da mota a kan kwalta cikin sa'a ɗaya ko biyu.

A Komoro babu wanda ya gyara wa baƙo hanya, amma abin da zai gani bai taɓa shiga keji ba. Dutsen Karthala, mai tsawon mita 2,361, ya mamaye kudancin Ngazidja, kuma yana raye: a 1977 ruwan wutarsa ya cinye gidaje a ƙauyen Singani, a 2005 ya yi aman toka sau biyu har ta gurɓata ruwan sha. Hawansa yakan ci yini guda cur ko kwana biyu, ana ratsa gonakin ayaba, a shiga daji mai hazo, a fito fili mai sanyi, sannan a tsaya a bakin wani rami mai faɗin kilomita uku zuwa huɗu. Saboda ƙasar tsibirin tana tsotse ruwa, babu kogi ko ɗaya mai gudana duk shekara, kowane gida da tankinsa na siminti da ke tarar ruwan sama. A cikin zurfin tekun da ke gefen waɗannan duwatsu ne kifin gombesa ke zaune, kifin da masana suka ɗauka ya ƙare tun miliyoyin shekaru, sai aka kama ɗaya a gaɓar Afirka ta Kudu a 1938, na biyu kuma a kusa da Nzwani a 1952, inda aka gano masuntan wurin sun daɗe da saninsa. Da sunansa ake kiran ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, wadda mutanen Garwa ta Kamaru suka gani da idonsu ta doke Gana da ci 3 da 2 a watan Janairu 2022.

Amma a ganina Mwali, ƙaramin cikin tsibiran uku, shi ne dalilin da ya isa mutum ya yi wannan tafiya. An kafa gandun kare halittun ruwa a kudancinsa a 2001, kuma mutanen ƙauyuka ne ke gadinsa. A bakin tekun ƙauyen Itsamia kunkurun teku na fitowa yin ƙwai kusan kowane dare a duk tsawon shekara. Baƙo zai zauna shiru a kan yashi tare da mai gadi, ba a kunna farar fitila, har uwar ta fito daga ruwa tana jan jikin da ya fi buhun hatsi nauyi, tana numfashi da ƙyar. Za ta share wuri da hannayenta na gaba, ta haƙa rami mai zurfi da na baya, tana ɗebo yashi kamar da ludayi, ta zuba ƙwai fiye da ɗari, farare masu laushi, ta rufe, ta daddaɓe, ta watsa yashi don ɓad da sawu, sannan ta koma ruwa. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fashe su ruga teku. Daga Yuli zuwa Oktoba kuma manyan kifayen nan masu doro, waɗanda ke haihuwa su shayar, suna zuwa da jariransu kusa da gaɓa, a dajin kan tudu kuwa akwai wani baƙin jemage mai cin 'ya'yan itace wanda faɗin fukafukansa ya kusa mita ɗaya da rabi, ba a samunsa ko'ina a duniya sai Mwali da Nzwani.

Nzwani ne tsibirin ƙamshi, mai kanumfari da ake shanyawa a gefen titi da banila da furen ilan-ilan, wanda Komoro ke kan gaba a duniya wajen fitar da mansa zuwa kamfanonin turare na Faransa. Ana datse bishiyar don kada ta wuce tsawon mutum, mata su tsinke furen rawaya da sassafe, a zuba a tukunyar ƙarfe a yi ta hura wuta kusan kwana guda, kuma sai an tara wajen kilo 50 na fure kafin a samu lita ɗaya. Itacen da wannan wuta ke ci, tare da yawan jama'a, ya cinye dajin tsibirin, har yawancin kogunan da a da ba sa ƙafewa yanzu sai da damina suke gudu.

Idan aka zo ga addini da zaman jama'a, nan ne zaɓin ya fi shafar Bahaushe Musulmi. Kusan kowa a Komoro Musulmi ne, mabiyin Sunna a mazhabar Shafi'iyya, kuma ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa a 1993. Yara na zuwa makarantar allo, maza na sa farar riga da hula mai aiki da suke kira kofia, ɗariƙun Shaziliyya da Ƙadiriyya da Rifa'iyya suna da ƙarfi, watan Maulidi kuma gari-gari ake bi ana karatu. Wanda ya tashi a Malikiyya zai ji liman na bayyana Bisimilla, a sallar Asuba kuma ana yin alƙunutu a bayyane bayan an ɗago daga ruku'u. Ba ya buƙatar tambayar ko nama na halal ne, giya ba ta yawo a fili, bakin teku ma babu tsiraici. A Moris kuwa kusan rabin jama'a mabiya addinin Hindu ne, kusan kashi ɗaya cikin uku Kirista, Musulmi kuma wajen kashi 17 cikin ɗari, yawancinsu Hanafawa 'yan asalin Indiya, don haka zai lura ana jinkirta La'asar fiye da yadda ya saba. Musulmin suna da ƙima, biyu daga cikinsu, Cassam Uteem da Ameenah Gurib-Fakim, sun riƙe shugabancin ƙasa, ƙaramar Salla ranar hutu ce kamar Kirsimeti da Diwali da sabuwar shekarar Sinawa. Masallacin Juma'a na Port Louis, na shekarun 1850, yana jingine da unguwar Sinawa, mutum na shiga ta ƙofarsa hayaniyar kasuwa ta yanke, ya tarar da wata tsohuwar bishiya ta yi wa tsakar gidan inuwa. Naman halal ba ya wuya, amma manyan otal-otal na bakin teku an yi su ne don Turawa, da giyarsu da naman aladensu da shigarsu, kuma mai iyali ya kamata ya san haka tun daga gida. Zaman lafiyar addinai a wurin gaskiya ne, ko da yake an zubar da jini a Port Louis a Janairu 1968, kuma jikokin bayi, masu kiɗan sega da gangarsu ta fatar akuya, har yanzu su ne a baya wajen arziki.

Babu wata al'ada a Moris da ta kama rayuwar mutum tun daga haihuwa har kabari kamar yadda anda, wato babban aure, ta kama mutumin Ngazidja. Namiji kan yi ƙaramin aure irin na kowa, ya haifi 'ya'ya, ya yi shekara ashirin ko talatin yana tari, sau da yawa yana aikin ƙarfi a birnin Marseille na Faransa, sannan ya dawo ya yi anda, ko da matarsa ta farko ko da wata. Biki ne na mako guda ko fiye, ana yanka shanu a ciyar da gari kaf, ana jerin gwano da zinaren amarya a bainar jama'a, ana kwana ana kiɗan twarab. Sai bayan ya yi wannan ne ake kiransa cikakken mutum, ya samu ikon yafa gyalen girma a kafaɗa, ya zauna a sahun gaba a masallaci, ya yi magana a dandalin gari da suke kira bangwe a saurare shi. Wanda bai yi ba, ko da digiri nawa gare shi, ɗan gari ne kawai. A ɗaya ɓangaren kuma, gidan na matar ne, mahaifinta ko kawunta ne ke gina mata, miji ne ke tarewa a wurinta, kuma akwai filayen da ake kira manyahuli waɗanda ta tsatson uwa kaɗai ake gadonsu. Bahaushen da ya san muhawarar lefe da kayan ɗaki zai gane zafin gardamar da matasan wurin ke yi, wasu na cewa anda ce ke tsiyata su, wasu na cewa ita ce ke gina gidaje da masallatai kuma take dawo da 'yan ci-rani gida. Ni ina ganin ɓangarorin biyu duk suna da gaskiya, kuma Soilih da ya hana ta da ƙarfin mulki bai kai shekara uku a kan kujera ba, ita kuwa tana nan. Yawancin bukukuwan a Yuli da Agusta ake yinsu, kuma baƙo mai ladabi da shigar mutunci ba ya rasa gayyata.

Abinci dai Moris ta fi yawan kala, daga dholl puri, wata lallausar gurasa da ake cusa wa niƙaƙƙen wake a ci da miyar tumatir a bakin titi, zuwa biryanin Musulmin unguwar Plaine Verte da taliyar Sinawa. A Komoro shinkafa ce da kifi da ayaba da rogo, da mataba, wato dakakken ganyen rogo da aka dafa da madarar kwakwa.

Saura maganar hanya da aljihu da lafiya, wadda ita ce ke yanke hukunci ga mutane da yawa. Ana isa Moroni ta Adis Ababa ko Nairobi, Moris kuma ta Nairobi ko Johannesburg ko Dubai. Moris na karɓar baƙi fiye da miliyan ɗaya a shekara, don haka akwai masauki na kowane aljihu, da motocin haya, da jirgin ƙasa na cikin gari tun 2019, katin banki na aiki, kuma an kawar da zazzaɓin cizon sauro. Ɗan Nijeriya ko Gana zai yi harkarsa da Ingilishi, duk da cewa Kiriyol da Faransanci ne harsunan titi. A Komoro ɗan Nijar ko Kamaru ko Chadi ne ke da fifiko saboda Faransanci, mai Larabci ma zai samu abokin hira a masallaci, mai Sawahili kuwa zai tsinci kalmomi da yawa a harshen Shikomori. Kada talaucin ƙasar ya sa a zaci arha, domin yawancin kaya shigo da su ake yi, masaukai kaɗan ne, kuma kuɗi a hannu ake so, musamman Yuro, wanda kuɗin ƙasar ke ɗaure da shi. Wuta na ɗaukewa, ruwa na yankewa, akwai zazzaɓin sauro a Ngazidja, an yi fama da kwalara a 2024, kuma masu hali a ƙasar waje suke zuwa neman magani. Ƙetarawa tsakanin tsibirai da ƙaramin jirgin sama ne wanda lokacinsa kan canja, ko da jirgin ruwa, kuma duk ranar da teku ta tashi bai kamata a shiga ƙaramin kwale-kwale ba, ko da kuwa za a rasa kuɗin masauki. A ƙasashen biyu, daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin zafi ne da ruwa da guguwa, daga Mayu zuwa Oktoba ne iska ke daɗi.

Saboda haka, wanda zai tafi da iyaye tsofaffi, ko ƙananan yara, ko mai juna biyu, ko mai ciwon da ke buƙatar likita kusa, da wanda hutunsa bai wuce mako guda ba, da wanda wannan ce fitarsa ta farko, Moris ya kamata ya nufa, ya kama gida a cikin gari maimakon otal na bakin teku, ya ware yini guda ga Port Louis, guda ga Le Morne da Black River, guda ga Île aux Aigrettes. Amma mai ƙoshin lafiya da haƙuri, wanda tarihin Musulunci a Afirka ke motsa shi, kuma yake son ganin halitta a inda Allah ya ajiye ta, ni Komoro zan ce ya je, kuma ya je a watan Agusta, lokacin da bukukuwan anda da zuwan manyan kifaye da sanyin hawan Karthala ke haɗuwa. Ya tanadi mako biyu, kwana huɗu a Ngazidja, huɗu a Mwali, uku a Nzwani, ya sha maganin rigakafin zazzaɓi, ya riƙe kuɗinsa a hannu, sannan ya tabbata ya dawo Moroni aƙalla kwana biyu kafin ranar tashin jirginsa na komawa gida.